Yawun Baffa

A danginmu babu wanda ya kai Baffa sanin asali. Shi ne babban wan mahaifina, kuma tun da kakanmu Malam ya rasu shi ya zama uban kowa. Gidansa yana Makarfi, da faffaɗan zaure wanda ba ya rabo da baƙi, gonarsa kuwa tana can Taba inda iyayenmu suka tashi. Idan aka yi suna ko ɗaurin aure a dangi, da zarar jama'a ta ragu sai ya kishingiɗa a kan buzu ya fara jero kakanni: wane ya haifi wane, wane ya auro 'yar wane daga Likoro, har ya dangana ga kakan Malam, wanda ya ce ya taso daga Barno da jaki ɗaya da gafakar littattafai, ya zo Zazzau neman ilimi, ƙasa ta riƙe shi. Mun sha labarin jakin nan har yara suna riga shi faɗin launinsa. Bai taɓa jin haushi ba. Dariya yake yi, ya ce ai dalilin maimaitawar ke nan.

Ni "uwata" yake kirana, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Lokacin da na ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai a Zariya, Baba ya yi ta jan ƙafa, yana ganin nisan ya yi wa 'ya mace yawa. Baffa bai yi musu da shi ba. Wata safiya kawai ya iso gidanmu na Kudan a kan babur ɗinsa, ya ɗaure akwatina a baya da igiyar roba, ya ce wa Baba, shi zai kai uwarsa makaranta, wanda yake da magana ya biyo shi. Baba bai biyo ba, domin ban taɓa ganin ya ɗaga ido a gaban wansa ba. Abin da ya sa na zama malamar makaranta ke nan.

Autanmu yana aikin jinya a Ingila. A wata kaka, ana tsakiyar cire masara, ya zo hutu da wasu 'yan kwalaye guda uku a jakarsa. Ya ce wani gwaji ne na ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA, mutum zai tofa yawu a cikin 'yar kwalba a aika, su kuma su bincika su faɗi daga wane yanki na duniya kakanninsa suka fito. Ya ce tsofaffi aka fi so a gwada saboda sun fi kusa da tushe, don haka ya sayo wa Baffa da Baba da Gwaggo, wato ƙanwarsu da ke aure a Ikara. Niyyarsa ɗaya ce, ya faranta wa Baffa rai da shaidar Barno.

Baba ya tofa nasa ba tare da dogon zance ba. Gwaggo ta yi mita, ta ce tun tana yarinya aka hana ta barin gashi ko farce ko yawu a hannun baƙo, amma da Auta ya yi mata 'yar shagwaɓa sai ta tofa, ta ce alhakin yana wuyansa. Wajen Baffa ne aka sha dariya. Ya juya kwalbar a hannu, ya ɗaga ta ga haske, ya ce ashe duniya ta zo inda Turawa ke aiko a yi musu tofi. Ya tambaya ko su ma za su gane jakin. Sannan ya yi bismillah, ya karanta abin da ya karanta, ya tofa. Da aka ce bai kai layin da ake so ba, sai ya ce a kawo masa tsamiya ya kalla, yawun zai zo da kansa.

Bayan Auta ya koma, duk wayar da na yi da Baffa sai ya tambaye ni ko Turawan uwata sun gama ƙirga. Abin ya ɗauki lokaci har muka fara mantawa, shi ne dai bai manta ba.

Wata Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gidana a Zariya Auta ya kira. Daga gaisuwarsa na gane akwai magana, domin bai tsaya tambayar yara ɗaya bayan ɗaya ba kamar yadda ya saba. Ya ce sakamako ya fito, kuma ban da maganar yanki, gwajin yana nuna dangantakar mutanen da aka gwada da juna. Shi bai ma kawo wannan a ransa ba lokacin da yake saye. Baba da Gwaggo sun fito uwa ɗaya uba ɗaya. Baffa kuwa bai haɗa komai da su ba.

Na ce ko kwalaben ne suka cakuɗe. Ya ce shi ya rufe kowace a gaban mai ita, a gari daban, a rana daban. Na tsame hannuna daga kumfa na zauna a kan turmi. Abin da ya fara faɗo mini shi ne Inna, kakarmu, wadda nake ɗauke da sunanta, sai na ji kunyar tunanin da ya zo mini tun kafin ya gama zuwa. Na tambaye shi a hankali, ko ta wajen uwa ma babu. Ya ce ko ta wajen uwa babu. Ban san ana iya jin sanyi a rai da fargaba a lokaci guda ba sai ranar. Babu wanda zai buɗe baki a kan Inna, amma kuma Baffa ba ɗanta ba ne, ba kuma ɗan Malam ba.

Mun yi ta jayayya da Auta a waya bayan nan. Shi yana ganin dole a faɗa wa Baffa. Ya ce a wurin aikinsa ba a ɓoye wa mutum abin da ya shafi jikinsa, yawun nasa ne, labarin nasa ne, kuma ba mu da ikon mu san abin da shi bai sani ba game da kansa muna kallonsa muna murmushi. Ni kuma na ce Baffa ya yarda ne a duba masa Barno, ba wanda ya tambaye shi ko yana son a duba masa uwa da uba. Na ce mutumin da ya haura tamanin, wanda duk abin alfaharinsa a duniya shi ne jerin kakannin nan, in ka zare shi daga jerin me ka bar masa. Auta ya ce to ƙarya za mu yi masa ke nan. Na ce ban ce ƙarya ba. Ya ce to me. Kowane ɗayanmu yana da gaskiya, kuma kowa ya san ɗan'uwansa yana da ita, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

Daga ƙarshe na shirya na tafi Ikara. Na samu Gwaggo a bakin murhu tana suyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta ƙi bari duk da ciwon gwiwa. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Zariya kaf, ta zubo mini mai zafi a faranti. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce sakamakon yawun nan ya zo, na ku ukun. Ta tsaya da matsamin a hannu.

"Mu uku? Har da Yaya aka gwada?"

Na ce har da Baffa. Ashe ita a zatonta ita da Baba kaɗai ne. Ta sauke kaskon daga wuta, ta janye itacen, ta ce mu shiga ɗaki.

A ɗaki ta ba ni labarin, kuma ta fi kallon tabarma fiye da fuskata. Ta ce Inna ce ta gaya mata a ciwon ajali, lokacin da take jinyarta, ta ce amana ce, kada ta fitar sai idan wata rana rigima ta taso da ba za ta mutu ba sai da ita. A farkon aurensu da Malam, Inna ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa. A wata shekara ta annobar sanƙarau ta sake haihuwar namiji, shi ma bai kai suna ba. Tana cikin wankan jego, ƙirjinta cike da nono babu mai sha, sai wata baƙuwa ta sauka a zauren Malam a Taba, da jariri a baya, zazzaɓi ya gama cinye ta. Ba ta jin Hausa sosai. Abin da aka iya fahimta kawai shi ne daga gabas suka fito, mijinta ya rasu a hanya, ayarin da suke ciki ya wuce ya bar ta saboda tsoron cutar. Inna ta shigar da ita ɗakinta duk da mutane suna hana ta. Matar ba ta daɗe ba ta cika. Kafin ma a fita da gawar, jaririn yana ƙirjin Inna.

Gwaggo ta ce a lokacin gari ya rikice da mutuwa, kowa yana ta kansa, waɗanda suka san abin da ya faru kaɗan ne, kuma suka kama bakinsu har suka koma ga Allah. Malam ya yi cigiya a wajen fatake da matafiya shekara da shekaru, ba a samu wanda ya san matar ba. Yaro ya tashi yana kiran Inna da Malam iyaye. Bayan shi ne haihuwar Inna ta tsaya, aka samu Baba, aka samu Gwaggo. Inna takan ce da ƙafar dama ya shigo mata.

Na tambayi Gwaggo maganar gado, domin na san Malam ba zai yi wasa da hukuncin Allah ba. Sai ta ce in tuna yadda ake ba da labarin cewa Malam ya raba gonakinsa da ransa, ya kira shaidu ya damƙa wa kowane ɗa nasa a matsayin kyauta, ya mutu bai bar komai ba sai littattafai da tufafin jikinsa. Mutane sun ɗauka gudun duniya ne. Dabara ce ya yi don babban ɗansa ya samu gona ta halal, kuma kada a zauna rabon gado a tono abin da aka rufe. Littattafan ma ya yi wasiyya a kai su masallaci.

Ta yi kuka kaɗan, ta share da bakin zane. Ta ce shekara nawa tana riƙe da amanar nan ko mijinta bai sani ba, sai ga 'yar kwalba ta zo ta kwance. Ba ta zagi Auta ba. Ta ce yaro ya yi don alheri, kuma abin da Allah ya nufa ya fito ba mai danne shi. Amma ta ce Baba kam ita za ta gaya masa da bakinta, ba za ta yarda ya ji daga waya ba.

Ban kasance a wurin ba sa'ad da ta gaya masa. Mahaifiyata ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce da Baba ya gama ji sai ya tashi ya yi alwala ya yi nafila. Washegari da sassafe ya hau mota zuwa Makarfi. Bai ce wa wansa komai ba. Ya wuni a zaure yana taya shi ɓarar masara, abin da ya rabu da yi tun suna samari, har Baffa ya tambaye shi ko an kore shi daga gida ne.

Da muka zauna da Baba, na ga ya riga ya auna maganar ta kowane gefe. Ya ce nonon da ya sha shi Yaya ya sha, kuma shi ya fara sha, don haka ko a shari'a ɗan'uwansa ne, Inna uwarsa ce, Malam ubansa ne na shayarwa. Ya ce gona kyauta ce da shaidu, babu haƙƙin kowa a ciki. Abin da ya rage kawai shi ne a faɗa ko kada a faɗa, kuma ya ce wannan ba mu ne za mu yanke ba, ba kuma Auta ba, mai abin ne zai yanke. A je a gaya masa akwai magana mai nauyi, a bar shi ya zaɓa. Na ce wa zai je. Ya dube ni ya ce ai ɗa ba ya jin nauyin uwarsa.

Na je ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da zauren ya ɗan yi sauƙin mutane. Idanun Baffa sun fara rauni a lokacin, amma da jin sallamata ya ce uwata ce. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da ɗalibaina, ya sa aka kawo mini fura. Sai da na sha na ajiye ludayin, sannan na ce sakamako ya zo. Ya gyara zama kamar yaro ranar sallah.

Na ce, "Baffa, akwai abin da muka nema a ciki, akwai kuma abin da ba mu nema ba ya fito da kansa. Na biyun yana da nauyi, kuma kai ya shafa. Idan ka ce in faɗa zan faɗa, ba zan rage komai ba. Idan ka ce in bari zan bari."

Ya daɗe yana jan carbi. Ina jin kukan awaki daga cikin gida da ƙarar injin niƙa a maƙwabta. Can ya ce, "Uwata, abin ya taɓa mutuncin Inna?"

Na ce, "Ko kaɗan. Ƙara mata daraja ya yi."

"Malam fa?"

"Shi ma haka."

"Akwai haƙƙin wani a hannuna da ya kamata in mayar kafin in mutu?"

Na ce babu, Baba ya duba ta kowace fuska, babu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ki riƙe mini. Ranar da na buƙata zan tambaye ki. Yanzu ki ba ni labarin Barno."

Gaskiyar magana, gwajin bai ambaci Barno ba. Yankuna ne manya-manya yake nunawa a kan taswira, Arewa da Nijar da wajen Tafkin Chadi duk a dunƙule. Sai dai a cikin su ukun, na Baffa ne ya fi karkata gabas nesa ba kusa ba. Na san dalilin, kuma na san abin da zai fahimta idan na faɗa. Na ɗan yi jinkiri, sannan na ce masa nasa ya fi na kowa nuna gabas. Ya tafa hannu ya yi dariya har da tari, ya ce dama ya sha gaya wa ƙannensa shi ne ya kwashe jinin kakan, su sauran tukunya suka samu. Na yi dariya tare da shi. Har yau idan na tuna ina tambayar kaina ko gaskiya na faɗa masa ko rabinta, kuma Auta yana kan bakansa cewa rabi ce.

Ko ya san wani abu tun da can, ko ya zarga, ban sani ba. Tambayoyin nan uku sun yi kama da na mutumin da ya taɓa zama ya yi tunani, amma sun yi kama kuma da na kowane dattijo mai tsoron Allah. Ya ci gaba da jero kakanni a wajen suna, babu abin da ya sauya a muryarsa. Ya ƙara damina biyu a duniya, na ziyarce shi sau da yawa, bai tambaye ni ba. Ya rasu a ƙarshen wata damina bayan gajeriyar jinya, kansa a cinyar Baba.

Bayan sadakar arba'in Baba ya ce yanzu maganar ta koma haƙƙin 'ya'yansa. Ya kira babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, manomi kuma mai shagon taki a kasuwar Makarfi, ya zaunar da shi a gabana da Gwaggo, ya yi masa irin tayin da na yi wa ubansa. Shi ya ce a faɗa. Gwaggo ta maimaita labarin daga farko. Ya saurara kansa a ƙasa, hularsa a gwiwa. Na ɗauka zai tambayi gona, ko ya tambayi matsayinsu a dangi yanzu. Da ya ɗago sai ya tambaya a ina aka binne matar.

Gwaggo ta ce Inna ta ambata mata tsohuwar maƙabarta ta bayan gari, wajen wata ɗorawa. Na kuma gaya masa cewa bayanan mahaifinsa suna nan a wajen kamfanin gwajin, Auta yana tambaya ko a sa su goge. Na bayyana masa cewa idan aka bar su, wata rana wani daga dangin matar zai iya yin irin gwajin a ga alaƙa. Ya yi tunani ya ce a bar su tukuna, zai shawarci ƙannensa, domin su ma jininsu ne. Har yanzu suna nan, kuma ba wanda ya bayyana.

A makon da ya biyo muka tafi Taba a motar Yaya, ni da shi da Baba da Gwaggo. An daina binne mutane a wurin tun kafin a haife ni, gonaki sun matso ta kowane gefe, dawa ta yi kai har ta sunkuya. Wani tsoho da muka tarar yana duba gonarsa ya nuna mana iyakar tsohuwar maƙabartar, ya ce ɗorawar ta faɗi da daɗewa, amma ga kututturenta can. Babu alamar kabari ko ɗaya, ciyawa ce kawai da 'yan tudu da ruwa ya lallashe. Ni da Gwaggo muka tsaya daga bakin hanya, mazan suka cire takalma suka ƙarasa.

Yaya ya juyo ya tambayi Baba da wane suna za a yi mata addu'a. Baba ya ce Allah ya san sunanta, su ce mahaifiyar Baffa kawai. Suka ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga daga inda muke. Baba ya yi mata addu'a mai tsawo, ya haɗa da mijinta da ya rasu a hanya, da danginsu da ba su taɓa jin ƙarshen labarinsu ba, sannan ya haɗa da Inna da Malam da Baffa. Muryarsa ta karye a tsakiya, Yaya ya karɓa ya ƙarasa.

A hanyar dawowa Gwaggo ta ce gwiwarta ta gaji, ba za ta iya kaiwa Ikara ranar ba. Yaya ya ce dama ba zai bar ta ta wuce ba, matarsa ta riga ta ɗora tuwo. Muka juya Makarfi gaba ɗayanmu.